Bayan Katin Nonato Bahago

Duk wanda ya saba zuwa kasuwar Lahadi da ke ci ƙarƙashin itatuwan mangwaro a Belém ya san Seu Anacleto, ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan da ke zama can ƙarshen layin masu katunan 'yan ƙwallo, gaban wani tebur mai ɗingishi, fuska a yamutse kamar an ɗura masa maɗaci. Ba ya sayar da komai. Aikinsa dubawa. A kawo masa kati, ya maƙala madubin masu gyaran agogo a ido, ya juya shi gaba da baya, ya shinshina, sannan ya faɗi kuɗinsa. Abin da ya faɗa ya zauna. Ladansa kuwa kofin gahawa baƙa da burodi guda, mai saye ke biya, kuma haka aka saba tun ba a haifi rabin masu teburan wajen ba.

A unguwar masu dako ta bakin tashar jiragen ruwa aka haife shi, shekara saba'in da takwas da suka wuce. A zamaninsu cikin takardar alewa ake samun katin. Yaro ya tsotse alewarsa, ya lashe yatsa, ya tara katunan a ƙasa shi da abokansa, a yi ta buga tafin hannu a kai, wanda ya kifar da kati ya zama nasa. To katin da ya sha wannan duka, ya sha gumi, ya kwana a aljihun gajeren wando, me zai rage a jikinsa? Wanda ya tsira daga yara ma bai tsira daga garin ba. Nan Belém ne, ruwan sama ba ya fashin la'asar, takarda in ba ta yi funfuna ba gara ta ci, in gara ta bari kyankyaso ya lasa. Shi ya sa tsohon kati mai tsabta yake da tsada, shi ya sa kuma maƙaryata suka yi yawa a harkar.

Gyaran agogo ya koya, ya yi shekara talatin yana yi a wani lungu kusa da kasuwar kifi. Can ya samo idon. Can kuma ya samo halin, don mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙa cikin agogon mutane ya san kowa na iya cewa "ban taɓa yar da shi ba" alhali ga tsaga nan ɓaro-ɓaro.

Ba abin da ke tayar masa da zuciya irin 'yan kasuwar yanzu. Yara ne da ba su taɓa buga kati a ƙasa ba, ba su san ko da wace ƙafa mutumin da ke jikin katin yake harbi ba, amma ga safar hannu fara, ga gidan roba mai kusoshi, ga waya a kan sanda suna yi wa duniya ihu. Wani ya goge kati da dutsen guga. Wani ya aske gefensa da reza don kusurwa ta fito tsaf. Wani ya cike inda launi ya koɗe da alƙalamin 'yan makaranta. In irin wannan ya zo teburinsa, Seu Anacleto ba ya ko ɗaga murya. Sai ya ture katin da bayan farce, ya yi tsaki.

"Ɗauke mini wannan gawar. An yi mata kwalliya, amma wari na nan."

Yana da wata magana da kowa ya haddace, har yara kan kwaikwaye shi da ita in ya juya baya: "Ni hannuna bai taɓa gyara kati ba." A kan wannan maganar teburinsa ya tsaya. Ba don ita ba, wa zai taso tun daga wata jiha ya kawo wa tsoho mai baƙin rai kayansa?

To, maganar ƙarya ce. Sau ɗaya ne tak, amma ƙarya ce.

A shekarar casa'in da huɗu, lokacin da agogunan roba masu batir suka kashe masa sana'a, yana zaune yana korar ƙuda wani saurayi ya shigo da kwalin takalmi, yana warin giyar rake tun da hantsi. Tarkace ne a ciki, hotunan waliyyai, tsofaffin takardu, sai a can ƙasa ga katin Nonato Bahago. Nonato ɗan wasan gefe ne a ƙungiyar ma'aikatan tashar jirgi, shekara uku kacal ya yi tashe kafin gwiwa ta kwantar da shi. Kamfanin alewar ya buga katinsa kaɗan da gangan, don yara su yi ta saye suna nema, har yau ba a san da fiye da guda shida ba. Wannan kuwa bai taɓa ganin ƙasa ba, launinsa ɗanye shar. Aibinsa ɗaya, an yi rubutu da fensir a bayansa, layi biyu karkatattu.

Bai ko tsaya karantawa ba. Ya sallami saurayin da abin da bai kai kuɗin kwalba uku ba, ya ɓantari tsokar burodin da yake karyawa da shi, ya mulmula ta, ya bi rubutun a hankali har baƙin ya tashi. Inda fensirin ya nutse sosai ya bi da bayan cokali ya danne. Minti goma aka gama. Ya cinye sauran burodin, ya sayar wa wani likitan haƙori katin a matsayin wanda hannu bai taɓa ba, ya sayi firij. Firij ɗin na nan a ɗakin girkinsa har gobe yana gurnani. Daga ranar bai sake ba, kuma daga ranar ne ƙyamarsa ga masu gyaran kati ta ninka. Laifi tudu ne dai, ka taka naka ka hango na wani.

Likitan ya mutu, 'ya'yansa suka zubar da kayansa, katin ya faɗa hannun Wanderlei. Wanderlei shi ne sarkin masu farar safa a layin, da can rigar waya yake sayarwa a bakin titi, yanzu kuwa sarƙa a wuya kamar ta ɗaure kwale-kwale. Sati uku yana tallar katin a waya. Ya sa masa reais dubu tara, kuɗin ƙasar ke nan, har ya samu wani mutumin São Paulo da ya ce zai zo ranar Lahadi da sha biyu, amma da sharaɗin sai tsohon nan mai madubi ya duba. Seu Anacleto ya hango katin daga nesa tun satin farko, ya gane shi kamar yadda ake gane ɗan cikinka a taro. Ya ce a ransa ba komai, aikin ya yi kyau, shekara talatin ba wanda ya gani. Zai duba, ya gyaɗa kai, katin ya bar garin, a huta.

Da misalin goma na safiyar Lahadin wata mata ta tsaya gaban teburinsa. Gajeriya ce kakkaura, furfura ta fara cin gabanta, lema a hammata, jaka ƙanƙame a ƙirji irin riƙon wanda ya sha hawa motar haya.

"Kai ne Seu Anacleto?"

"Haka suke cewa. Ina katin?"

"Ba ni da kati. Nema nake. Sunana Jucélia, girki nake a makarantar firamare a garin Abaetetuba. Ni 'yar Nonato ce, wanda kuke kira Bahago."

Ya shiga goge madubinsa da gefen riga, abin da ba ya bukatar gogewa.

Ta ja kujerar masu jira ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta zayyana masa. Mahaifinta bai yi mata rajistar haihuwa da wuri ba, da ya tashi yi sai ya ji tsoron tara, ya ce da magatakarda a watan Agusta aka haife ta. Takardunta duka Agusta suke faɗa. Ita kuwa uwarta, Dona Firmina mai wankau, kullum cewa take da damina ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya, alhali a can Agusta rani ne. Ranar da aka haife ta ba wata takarda mai daraja a gidan sai katin mijin, shi ta jawo ta rubuta suna da rana a baya, ita da ba ta fi wata shida a ajin yaƙi da jahilci ba. Ta soke shi bayan hoton waliyyiya a bango.

"In na tambaye ta ranar sai ta ce, ke, kaina ya cika da wankin mutane, je ki duba bayan katin ubanki. Ni kuma in ce gobe. Ka san yaro da gobe. Muna dawowa daga binne ta, wana ya riga ya kwashe komai a kwali ya kai wa masu saye. Shi ma ya bi ta tuni, Allah ya ji ƙansa, ban yafe masa ba tukuna."

"Allah ya ji ƙansu," in ji Seu Anacleto.

"Uku na bi na gani cikin shekarun nan, duk bayansu fari. Jiya jikata ta nuna mini na wancan mai sarƙar a waya, na taso tun asuba. Na ce ya juya mini, ya juya da ƙyar kamar zan cinye. Shi ma fari." Ta buga jakar da tafin hannu. "Dubu ɗaya da ɗari biyu na tara. Na san mai rubutu ba ya tsada, an ce ku a nan datti kuke kiransa. To ni dattin nake so. Bana zan cika sittin, ina so in san ranar da zan dafa wa kaina kifi in ce yau ce. An ce ba katin da ya ratsa garin nan bai bi ta hannunka ba. Ka taɓa ganinsa?"

Ƙarya tana bakinsa a shirye, gajeriya, kalma biyu. Bai iya furta ta ba, bai kuma iya furta gaskiyar ba. Sai ya ce ta ɗan jira, yana da aiki sha biyu.

Ta jira. Ta ciro rogo dafaffe daga jaka ta miƙa masa, ya ce ya ƙoshi. Awa biyun nan ya duba katuna huɗu, bai san me ya faɗa a kansu ba. Ya yi ta neman wanda zai ɗora wa, saurayin mai kwali, agogunan roba, likitan haƙori, duk wanda ya kamo sai ya suɓuce, a bar shi da yatsunsa biyu da suka mulmula burodin. Tir! Ko karantawa bai yi ba. Da ya karanta ma, da yanzu ya faɗa mata ranar ta tafi, ya tsira da sunansa.

Sha biyu saura ga Wanderlei, riƙe da gidan robar da hannu biyu kamar mai ɗauke da jariri, mutumin São Paulo na biye yana sharce gumi cikin dogon wando. Masu tebura suka bar kayansu suka kewaye. Har wani ya ɗaga waya.

"Kawu, tsoho mai ran ƙarfe!" in ji Wanderlei. "Yau dai ka yi murmushi ko sau ɗaya, ka ga abin da ba ka taɓa gani ba. Don Allah a wanke hannu, wannan ba rogo ba ne."

"Kwance kusoshin."

"Haba Kawu, ta cikin robar ma ai..."

"Ni ba na duba amarya ta taga. Kwance."

Aka yi dariya, Wanderlei ya kwance yana ƙunƙuni. Seu Anacleto ya ɗauki katin ta gefe da gefe. Ga Nonato nan, siriri, gashi a kwance da mai, ya harɗe hannu yana hararar mai hoto. Kusurwa huɗu lafiya, launi lafiya. Ya juya bayan. Fari tas, aikin gwani. Abin da ya rage ya gyaɗa kai kawai. Ya ɗago ido, sai ga matar can bayan mutane a tsaye, ba katin take kallo ba, agogon hannunta take dubawa, don kada motar komawa ta wuce ta.

Ya jawo aljihun tebur ya ciro 'yar tocilarsa.

"Dona Jucélia, matso nan. Ku ba ta hanya. Kai, kawo lemarka ka yi mana inuwa."

Ya kwantar da katin, ya kwantar da tocilar a gefensa yadda hasken zai bi fuskar takardar a kwance. Sai ga su sun fito, 'yan ramuka sirara, sawun fensir a hannun macen da ta saba murza wanki.

"An goge wannan katin," ya ce. "Da rubutu a bayansa. An ɗauke shi da tsokar burodi, an danne da cokali."

Mutumin São Paulo ya ja da baya taku ɗaya, ya dafe aljihu.

"Ƙarya ne!" Wanderlei ya daka tsawa. "Na rantse da kabarin uwata ban taɓa shi ba! Tsohon nan hassada ke cinsa, tun da na sayi mota ba ya amsa gaisuwata!"

"Bar uwarka ta huta, ba kai ba ne. Kai da ko gefen kati ba ka iya askewa a miƙe, ina za ka iya wannan? Ni na yi. Shekarar casa'in da huɗu, a shagona na bayan kasuwar kifi."

Wani daga baya ya saki wata dariya marar daɗi, ya maƙale murya ya ce, "Ni hannuna bai taɓa gyara kati ba!" Wasu suka tuntsire, wasu suka kau da kai. Wani dattijo da ya shekara ashirin yana kawo masa kaya ya tofar da yawu gefe ya juya ya tafi. Seu Anacleto ya ji duka, bai ga laifin kowa ba. Da shi ne a tsaye can, da abin da zai faɗa ya fi haka muni.

Dona Jucélia ta matso kusa da tebur. Ya miƙa mata madubin, ya nuna mata yadda ake maƙala shi. Ta sunkuya, tana haɗa baƙaƙen da leɓe.

"Ju... cé... lia." Ta ɗago kai. "Ta juya harafin farko baya. Haka take yi, ko a jikin buhun wanki." Ta ƙara sunkuyawa. "Maris. Sittin da shida. Alhamis. Ana ruwa." Ta matsar da kai hagu, ta matsar dama. "Ina lambar? Kafin Maris ɗin akwai wuri, amma ban ga komai ba."

Ya karɓi madubin ya duba da kansa, ya juya tocilar ta kowace kusurwa, ya daɗe. A nan Dona Firmina ta fi danna fensir, don nan ne abin da ba ta so a manta. A nan shi ma ya fi danna cokali. Wajen ya yi sumul kamar tafin jariri.

"Babu," ya ce. "Na kashe ta."

"Ba ka tuna ba?"

"Ban karanta ba."

Ta dube shi. Ba ta zage shi ba, da ma ta zaga. Irin kallon da take yi wa tukunyar da aka bari da ƙanzo kwana uku, shi ta yi masa.

Mutumin São Paulo tuni ya sulale. Wanderlei ya cire safar ya jefar a ƙasa, yana ta bala'i, wa zai biya shi, shi dubu huɗu ya saya, sai ya kai ƙara, sai ya ƙona teburin nan.

"Nawa ne kuɗinsa yanzu?" Dona Jucélia ta tambaya, ba tare da ta kalli kowa ba. "Ai aikinka ke nan. Faɗi."

"Katin da aka goge, kuma duniya ta ji? Ɗari takwas. Wanda ya ba da dubu ya yi kyauta."

"Ɗari takwas!" Wanderlei ya kama kai. "Wa ma zai ƙara jin maganarka, tsohon ɓarawo?"

"Ba kowa. Amma wannan ta ƙarshen gaskiya ce, kai ma ka sani. Ga masu waya can sun ɗauka, je ka nemi mai saye."

Aka yi ta ja. Ashe matar nan ba a banza ta shekara talatin tana sayen kifin yara ɗari uku ba. Wanderlei ya ce dubu uku, ta buɗe lema za ta tafi. Ya ce dubu biyu, ta tambaye shi ko sarƙar na ciki. A dubu ɗaya da ɗari suka tsaya, ya karɓa yana zagin kakannin duk wani mai gyaran agogo. Ya miƙo mata gidan robar, ta ce ya riƙe abinsa. Ta naɗe katin a farin hankici ta tura cikin riga.

Sannan ta juyo ga wani saurayi mai waya ta ce ya duba mata Alhamis nawa ne a Maris ɗin sittin da shida. Ya latsa, ya ce biyar: uku, goma, sha bakwai, ashirin da huɗu, talatin da ɗaya.

"Biyar," ta maimaita. Ta gyara jakarta. "Uwata guda ɗaya ta bar mini."

Ta tafi wajen mai gahawa, Seu Anacleto ya ɗauka ta wuce ke nan. Sai ga ta ta dawo da kofi da burodi a takarda, ta dire masa a tebur.

"Dona, bar shi. Don Allah."

"An ce mai saye ke biya. Ni ba na cin haƙƙin mutum."

Ta buɗe lemarta, don hadarin la'asar ya riga ya haɗo, ta nufi tasha. Masu tebura suka shiga rufe kaya da leda, ba wanda ya ce masa sai wani satin. Ya zauna shi kaɗai, gahawar ta huce, ruwa ya fara ɗiga ta cikin ganyen mangwaro. Burodin sabon gashi ne, mai taushi, irin wanda tsokarsa ke mulmuluwa da kyau. Ya kai hannu zai ture shi da bayan farce, sai ya tsaya yana kallon hannun.